Yadda na nemi baftisma a Garbado

Ni tela ne, Bamauri daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi, a Yamai nake neman abinci, shagona ba nisa da kasuwar Wadata. Kakana azne ne har ya bar duniya, bai taɓa ɓoyewa ba. Mahaifina ya yi ƴan shekaru a lakwal ɗin mishan, ya haddace addu'o'in Kirista, amma ba a taɓa yi masa baftisma ba, wato zuba ruwan da ke shigar da mutum addinin Kirista. In aka tambaye shi addininsa sai ya ce shi manomi ne. Haka muka tashi kowa ya kama gabansa: ƙannena suna salla, yayata tana bin gwaggonmu wurin bori, ni kuwa ba ni can ba ni nan.

Maiɗakina ce ƴar Katolika tun tana goye. Aurenmu na gargajiya muka yi a gida, da sadaki da goro da komai, muka taho birni. Kowace Lahadi nakan ɗauke ta a moto in kai ta majami'ar Saint Gabriel da ke Garbado, wata rana in shiga in zauna can baya, wata rana in tsaya wurin mai shayi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in lokacin karɓar Jibin Ubangiji ya yi, wato gurasar da aka tsarkake wadda ake ba masu bi, mata ƴan'uwanta su tashi su bi layi, ita ta zauna ta sunkuyar da kai. Da na matsa mata ta ce ai ba a ɗaura aurenmu a gaban ikilisiya ba, kuma muddin haka ne ba ta da damar karɓa. Na ce in dai wannan ce matsalar, a yi mini baftismar kowa ya huta.

Haka na faɗa wa firist ɗin, wato limamin majami'ar, a ofishinsa, ban yi kwana-kwana ba. Ya yi dariya, ya miƙo mini ruwa, sannan ya ce, "Malam, ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne." Ya bayyana mini cewa ƴar Katolika tana iya auren wanda ba a yi wa baftisma ba, a gaban firist da shaidu biyu, in bishop, shugaban firistocin yankin, ya ba da izini. Ita za ta yi alkawarin riƙe addininta da yin iya ƙoƙarinta wajen tarbiyyar yara a cikinsa, ni kuma a sanar da ni wannan alkawari, in kuma yarda cewa auren na mace ɗaya ne, babu saki, sai mutuwa. "Wannan za mu iya gamawa ba da jimawa ba," in ji shi. "Baftisma kuwa ba a yi wa mutum don matarsa. In kana so ka zo ka koya. Ranar da ka ga ba za ka iya ba, ba wanda zai riƙe maka riga."

Na ce, "To Momper, a rubuta ni," don haka muke kiran firist. Watan Oktoba ne na 2020, ruwan kogi bai daɗe da janyewa daga gidajen mutanen Saga da Harobanda ba. A kwanakin ne kuma labari ya zo cewa an sako Pierluigi Maccalli, firist ɗin nan ɗan Italiya da aka sace a Bomoanga, a yankin Gurmawa, cikin watan Satumba na 2018. Na tarar da farfajiyar majami'a ta kaure da guɗa, Gurmawa na kuka suna dariya, ni ban ma san ko wane ne mutumin ba.

Ana raba masu koyo ne bisa ga harshe. Akwai rukunin Faransanci, da na Zabarmanci, da na Gurmanci, mu kuma ƴan Hausa aka ba mu inuwar wata bishiyar dogon yaro da benci biyu. Masu gadi ne, da ƴan aikin gida, da wata mai tuyar ƙosai, da wani yaron gareji, da wani dattijo mai sayar da itace. Kateshis ɗinmu, wato mai koya mana addini, tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, Mushe muke ce masa, kuma ko dala ba a biyansa. Kowa da katinsa, duk Lahadi sai an sa hannu. Mun fara daga Ibrahim da Musa da annabawa, sunayen da duk wanda ya tashi cikin Musulmi ya saba ji, daga nan rayuwar Yesu, daga nan dokoki goma da sakramenti bakwai, wato manyan ibadu irin su baftisma da Jibi da aure. Da yawanmu ba su iya karatu ba, don haka Mushe yakan ba da labari ne, ya tsaya ya ce, "To ke Inna, da ke ce me za ki yi?" Gardama ta ɓarke. Ranar da aka zo kan ƙaunar maƙiyi sai da mai ƙosai ta tashi tsaye ta ce wannan kam ba a san kishiyar uwarta ba ne.

Bayan wani lokaci aka karɓe mu a bainar jama'a a bakin ƙofar majami'a. Firist ya tambaye mu me muke nema a wurin ikilisiyar Allah, muka ce bangaskiya. Ya ce me bangaskiya za ta ba ku, muka ce rai madawwami. Aka yi mana alamar gicciye a goshi da kunne da ido da baki da ƙirji da kafaɗa, sannan aka shigar da mu. A wannan shekarar ce kuma izinin bishop ya fito, aka ɗaura mana aure ranar wata Asabar, ba kiɗa ba taro. Washegari maiɗakina ta bi layi. Abin da ya kawo ni ya ƙare ke nan. Da Mushe ya gan ni a benci Lahadin da ta biyo baya sai ya ce, "Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare," ya sa hannu a katina.

Sujadar Lahadi, wadda muke kira Mes, tana da tsarin da ba ya canzawa ko'ina a duniya, kuma da mutum ya gane shi zai iya bi ko da harshen da ake yi ba nasa ba ne. Neman gafara, sai karatu daga Tsohon Alkawari, da zabura, da wasiƙun manzanni, sannan a miƙe tsaye don Linjila. Karatun yana zagayawa ne cikin shekara uku, ta Matiyu, ta Markus, ta Luka, Yohanna kuma yana shigowa a manyan lokuta. Ni da ido na tela, tufafin firist na fara lura da su kafin in fahimci komai: kore a ranakun yau da kullum, shunayya lokacin jiran Nowel, wato Kirsimeti, da lokacin azumi, fari a Nowel da Paska, bikin tashin Yesu, ja ranar Juma'a Mai Tsarki da Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Abin da ya bambanta namu shi ne bakunan da ke cikin ɗakin. Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma a Yamai da yawa daga cikin Katolika asalinsu Benin ne, da Togo, da Burkina Faso, da Najeriya. Don haka waƙar shiga ta zo da Faransanci a kan piyano, ta baiko ta zo da harshen mutanen Togo suna rangaji da kwanduna, mu kuma in an ba mu dama mu fito da ganga da ƙwarya da caki. Sanarwa ce kawai ke ƙure haƙurina. A tsakiyar zafin Afrilu mai sanarwa ya riƙe makirfo ya ƙi saki. Amma a nan ne ake jin wa ya haihu, wa ke kwance a asibiti, su wa ke shirin aure, wa ke neman ɗakin haya.

Mutanen gari suna ce masa addinin baƙi, ni ma da haka nake cewa. Wani tsoho a cikinmu, wanda kowa ke kira Baba, ba ya son jin wannan magana. Sai ya fara lissafi da yatsu: an kafa mishan a Yamai tun 1931, an yi bishop na farko, Hippolyte Berlier, a 1961, Maraɗi ta samu nata bishop a 2001, da Tawa da Damagaram da Agadas a ƙarƙashinta, kuma tun 2014 da aka naɗa Monsenyer Laurent Lompo ɗan ƙasa ne, Bagurme, ke shugabanci a Yamai. Ya ƙare da cewa, "Kai kanka ba a Dutsi ka tarar da majami'a ba?"

Sai dai in za a tambaye ni inda aka yi mini ainihin koyon, ba ƙarƙashin bishiyar nan ba ne. An raba ikilisiya zuwa ƙananan ƙungiyoyin unguwa da ake kira CCB, kuma tun farko aka gaya mana cewa wanda ba a san fuskarsa a CCB ɗin unguwarsu ba, ko ya haddace littafi daga bango zuwa bango ba zai ga ruwan baftisma ba. Na ɗauka barazana ce irin ta malamai. Ashe da gaske ne.

Muna haɗuwa ne da yamma a tsakiyar mako, yau gidan wannan, mako mai zuwa gidan wancan. Kusan dukanmu ƴan haya ne a gidajen da muke tsakar gida ɗaya da Musulmi, shi ya sa muke farawa bayan an idar da magariba, mu tashi kafin dare ya yi nisa, ba lasifika ba kiɗa. A gidanmu Alhaji mai gidan ne ke aiko jikansa da tabarmi. Za a karanta Linjilar Lahadi mai zuwa sau biyu, da Faransanci da Hausa, a yi shiru, kowa ya faɗi kalmar da ta taɓa shi. Ba wa'azi, kuma ba a gyara wa mutum magana. Daga nan sai a shiga abin da Baba ke kira Linjilar aljihu. A zagaya da akwati, mai dala ashirin ya sa, mai dala ɗari ya sa, a rubuta. A tambaya wa ba a gani ba ranar Lahadi, a tura mutum biyu su dubo shi. A ji kuɗin maganin wance bai cika ba, a ji an kori wane daga aikin gadi. Da aka sa wa ƙasa takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wuta ta zama sai an ga dama, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo, da fitilar waya muke karatu, kuma akwatin nan ne ya riƙe gidaje da dama, har da na wasu Gurmawa da rashin tsaro ya koro daga wajen Makalondi ba su da kowa a birni.

In layin sharar majami'a ya zo kan unguwarmu, ranar Asabar da asuba kowa ya fito da tsintsiya da bokiti, ba babba ba yaro. Na taɓa ganin wani babban ma'aikacin banki yana wanke bayan gida, yarinyar da ke aiki a gidan maƙwabcinsa tana nuna masa inda ya bari. In an yi rasuwa kuwa, mu ke kwana a gidan, mata suna jan carbi suna gaida Maryamu har gari ya waye, maza suna haɗa kuɗin akwati da mota.

A irin wannan zaman dare ne na ji labarin 2015 daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu. Ranar 16 ga Janairu aka fara a Damagaram, washegari Asabar ta iso Yamai, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. An ƙona majami'u da dama, har da tamu ta Garbado, da Saint Paul ta Harobanda, da Saint Jean ta Yantala, da Sainte Thérèse ta Banifandu. Na lura da yadda suke ba da labarin. Ba sa daɗewa a kan wutar. Sun fi daɗewa a kan maƙwabcin da ya tsaya a ƙofa ya ce ba mai shiga gidan nan, da Hajiyar da ta ɓoye yara a ɗakinta ta yafa musu mayafi. Ban ce tsoron ya tafi ba. Har gobe ana duba jaka a ƙofa ranar manyan bukukuwa.

Maganar gida ma sai da ta taso. Na je ƙauye na durƙusa na gaya wa mahaifina. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni abu ɗaya: in ya mutu zan zo in binne shi yadda aka binne ubansa? Na ce zan zo, kuma Mushe ya riga ya gaya mana girmama iyaye doka ce ta huɗu, ba a cire wa kowa ita ba. Abin da na ce ba zan ƙara yi ba shi ne yanka wa iskoki da kai kuɗi wurin mai duba. Gwaggo ta ce wa zai tsare ni a birni. Layar da ta ɗinka mini tun ina yaro na mayar mata hannu da hannu, ban jefar ba, ban ƙona ba. Naman layya da maƙwabta ke aiko mana ranar babbar salla kuwa muna ci mu gode, ba wanda ya taɓa hana mu.

Da aka kusa ƙarshe sai aka aika wa kowace CCB sunayen mutanenta. Aka fitar da ni waje na zauna a kan moto, su kuma suka tattauna a kaina. Daga baya Baba, wanda na roƙa ya zama uban baftismata, ya gaya mini abin da aka tambaya: yana zaune lafiya da iyalinsa? Yana biyan bashi? Yana zuwa gaida maras lafiya? Wata Inna ta ce ita kam ƙorafinta ɗaya, alkawarin tela. Aka yi dariya, aka rubuta cewa sun yarda.

Ba kowa ya wuce ba. Dattijon nan mai itace mata biyu gare shi, duk ya aure su tun kafin ya san majami'a, kowacce da ƴaƴa. Dokar ikilisiya ita ce sai ya zauna da ɗaya a matsayin mata, ya ci gaba da ɗaukar nauyin ɗayar da ƴaƴanta. Ya ce wacce zai kalla ya gaya wa haka? Ya fi mu duka sanin addu'a, ya fi mu zuwa shara. Na san dalilin dokar, Mushe ya bayyana mana ita, ni ma a kanta na ɗaura nawa auren. Amma ranar da aka karanta sunaye babu nasa, ban iya haɗa ido da shi ba, kuma har yanzu ina ganin nauyin da aka ɗora masa ya fi na kowa a cikinmu.

An shafa mana toka, alamar fara azuminmu, ranar Laraba 14 ga Fabrairu 2024. Lahadin farko ta azumi aka kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa "ga ni," iyayen baftisma suka dafa kafaɗunmu suka ba da shaida, aka rubuta sunayenmu a littafi. A Lahadi ta uku da ta huɗu da ta biyar muka durƙusa a gaban jama'a ana yi mana addu'ar tsari daga Shaiɗan, ana karanta labarai uku daga Linjilar Yohanna: matar Samariya a bakin rijiya, mutumin da aka haifa makaho, da tashin Li'azaru. Na farkon ne ya fi shiga ni. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san zurfin rijiya, ya kuma san macen da ke zuwa ɗibar ruwa da tsakar rana ita kaɗai akwai abin da take gudu. Aka ba mu Shaidar Bangaskiya da addu'ar Ubanmu mu haddace mu mayar. Duk Juma'a da yamma muna bin Hanyar Gicciye, tasha 14, gwiwa a kan siminti mai zafi. Ana cikin haka watan Ramadan ya kama, sai gidanmu ya zama kowa da irin azuminsa. Namu bai kai nasu tsanani ba, ruwa ba a hana mu ba, nama ne muke bari ranar Juma'a mu rage ci. Matar Alhaji dai ba ta fasa aiko mana kunu da an sha ruwa ba.

Fararen rigunan rukuninmu ni na ɗinka, kuma na gama kafin lokaci, saboda Innar nan.

Daren Asabar 30 ga Maris, daren Paska, aka kashe fitilu duka, aka hura wuta a farfajiya. Firist ya kunna babbar kyandir mai ɗauke da lambar shekara, ya shiga gaba, kowa yana kunna tasa daga ta na kusa da shi har ɗakin ya haskaka. Daga masallacin unguwa muna jiyo karatun asham. Karatu ya yi tsawo, daga halittar duniya, da Ibrahim, da ƙetare Bahar Maliya, da annabawa, yara duk sun yi barci a cinyar uwaye. Sai aka buga ƙararrawar da ba a taɓa ba tun daren Alhamis, ganguna suka amsa. Bayan wa'azi aka kira mu gaba, aka rera sunayen tsarkaka, aka sa wa ruwa albarka. Kun ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa? Mun ƙi. Kun ba da gaskiya ga Allah Uba? Mun ba da. Da layi ya zo kaina Baba ya dafa ni, na sunkuya, firist ya kira ni Yusufu, sunan da na zaɓa saboda shi ma da hannunsa ya ci abinci, ya zuba ruwa sau uku da sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki. Ba zan ce na ga wani haske ba. Abin da na sani shi ne ruwan ya gangara cikin wuyan rigata, na ji guɗar maiɗakina ta fita daban cikin ta sauran mata, ƙafafuna kuma suna rawa. Aka sa mana fararen riguna, aka ba mu kyandir, aka shafa mana man da bishop ya keɓe a makon, muka karɓi Jibi a karon farko. Washegari da muka dafa shinkafar biki, ta maƙwabta sai da muka jira faɗuwar rana muka kai.

An ci gaba da tara mu har Fentikos, 19 ga Mayu, daga nan aka karɓi katin, ba mai sa mana hannu kuma. Wasu daga cikinmu tun daga lokacin sai a Nowel ake ganinsu. Mai ƙosai ta shiga ƙungiyar mawaƙan Hausa, yaron gareji ya tafi Agadas neman kuɗi. Ni an ba ni karatun Hausa in layin unguwarmu ya zo, da facin tufafin masu hidima, da littafin asusun CCB. Akwatin kuwa da makullinsa suna hannun dattijon nan mai itace, don da aka zo zaɓe ba wanda ya kawo sunan wani. Yanzu haka muna tara kuɗin tanti ne, saboda daminar bara sau da yawa ruwa ke tashinmu ba a kai ga zagayawa da akwati ba.